Tafkin Garinmu Da Abin Da Ya Koya Mini

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku malamanmu, ina neman izini in faɗa muku wani abu da na koya a lokacin da aka aike mu gwajin koyarwa. Ni dai aka yi sa'a aka tura ni garinmu, watau Sahuda, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu. Wanda bai san wurin ba, to, in ya bar Mubi ya nufi duwatsun da suka raba mu da ƙasar Kamaru, Sahuda ce ke bakin iyaka. Ƙasa ce ta tudu da kwari. Da damina ruwa yakan gangaro daga duwatsu da gudu, ya bi rafuffuka ya faɗa kogin Yadzaram, ya wuce arewa ya bar mu. Daga watan Nuwamba kuwa har zuwa Afrilu, da wuya ka ga ɗigo ya sauko daga sama.

A bayan gari akwai wani tafki wanda ba halitta ba ne. Asalinsa rami ne da masu aikin hanya suka ɗebi marmara a ciki, suka tafi suka bar shi. Daga baya mutanen unguwa suka tare bakinsa na gangare da ƙasa da duwatsu, ruwa ya riƙa kwana a ciki har bazara. Nan shanu ke sha, nan mata ke wanki, nan kuma yara ke iyo. Da yamma samari sukan zauna gindin itatuwan da ke gefe suna shan iska suna hira. Ba mu da filin shaƙatawa irin na birni, wannan shi ne namu. Ni kaina a nan na koyi ninƙaya, a nan kuma na ɗauki ciwon da zan ba ku labari.

Yadda maganar ta taso

Mako na biyu da fara aikina na lura, da an koma aji bayan hutun tsakar rana sai in ga kujerun wasu yara maza babu kowa. In sun dawo, ga kai jiƙe, ga idanu ja. Na tambayi wani tsohon malami, ya ce, "Malam, ai wannan daɗaɗɗen abu ne. Mun yi bulala har mun gaji." Ran nan kuma wani yaro ya nemi izinin fita sau uku cikin darasi guda. Na kira shi gefe na tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce fitsari ke yi masa zafi, kuma a ƙarshensa yakan ga jini. Na ce, "Ka gaya wa babanka?" Ya ce, "Na gaya masa, Malam. Ya ce girma ne ya zo."

Wannan magana ta sa jikina ya yi sanyi, gama haka aka ce mini sa'ad da nake kamarsa. Sai da na shiga makarantar mishan aka kai ni ɗakin shan magani, can na ji sunan abin, watau tsargiya. Na kwana ina tunani. Bulala ba ta hana su ba, ba kuwa za ta hana su ba, domin yaron da rana ta dake shi a watan Maris, ga ruwa yana ƙyalli a gabansa, ba tsoron dukan da zai riƙe shi. Na ce a raina, tun da ba su zuwa aji saboda tafki, bari in kai aji bakin tafki. Abin da ke biye shi ne darussan da na shirya, ko wani zai ga abin ɗauka a ciki.

Darasi na farko: labarin ƙasa da tarihi

Na fara nuna musu cewa tare ruwa tsohuwar dabara ce. Littafi Mai Tsarki ya ba da labarin Sarki Hezekiya wanda ya yi tafki da magudana ya jawo ruwa cikin Urushalima. A ƙasar Hausa ma kududdufan da ke cikin birane, ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ne.

Amma misalin da ya fi kama da namu, ko da yake ya fi shi girma nesa, shi ne tafkin Bagauda a ƙasar Bebeji, kudu da birnin Kano. An gama madatsarsa ta ƙasa a 1970, zamanin Gwamna Audu Bako wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. An sa masa sunan Bagauda, wanda tarihin Kano ya ce shi ne sarkinta na farko. An gina masaukin baƙi a bakin ruwan, mutane suka riƙa zuwa daga nesa domin hutawa. Bayansa aka gama madatsar Tiga a 1974. To, ga abin lura. A watan Agusta na 1988 aka yi ruwa mai yawa, madatsar Bagauda ta ɓalle, ruwa ya ci gonaki da gidaje. Masaukin baƙin nan kuma bai dawwama a kan aikinsa na farko ba, wurin ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi ta Nijeriya. Kusa da mu ma, a watan Satumba na 2024, madatsar Alau ta Jihar Borno ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri ya raba dubban mutane da gidajensu.

Na tambayi yara, "In madatsar da gwamnati ta gina da katafila ta iya ɓallewa, tamu da aka yi da kwando da fartanya fa?" Suka yi tsit. Wannan shi ne tushen dukan abin da nake so su gane: tafkin da Allah ya halitta yana da mai kula da shi, amma wanda mutum ya yi, ranar da mutum ya ɗauke ido daga kansa, ranar ya fara lalacewa.

Darasi na biyu: yadda madatsa ke tsayuwa

Muka tafi bakin tafkin da safe, muka zagaya. Na sa kowane yaro ya ɗebo ƙasa ya jiƙa ya murza a tafin hannu. Wadda ta yi igiya ba ta tsinke ba, yumɓu ce, ita ke riƙe ruwa. Wadda ta warwatse, yashi ya yi mata yawa, ruwa zai bi ta cikinta. Saboda haka masu gina madatsar ƙasa sukan sa yumɓu a tsakiya, su riƙa zubawa kaɗan kaɗan suna daɓewa, kamar yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki. Ba a yin bangon a tsaye. A gefen da ruwa ke kwanciya, kowace ƙafa ɗaya ta tsayi akan ba ta wajen ƙafa uku na faɗi, a ɗaya gefen kuwa wajen ƙafa biyu.

Abu mafi muhimmanci shi ne mafitar ruwa. Madatsar ƙasa tana iya jure ruwa a gabanta shekara da shekaru, amma ba ta jure ruwa ya haura ta kanta, ko na sa'a guda. Da ya haura sai ya fara zaizayar bayanta, ƙaramar hanya ta zama kwazazzabo, bango ya tafi. Domin haka akan yanke hanya a gefe, ƙasa da kan bangon, a shimfiɗa mata duwatsu, in tafki ya cika sai rarar ta bi can. Da muka duba tamu, muka tarar ta toshe da ciyawa da karan dawa.

Na kuma nuna musu maƙiya uku na madatsa. Na ɗaya itace a kan bango, gama saiwarsa tana huda ƙasa, in ya mutu ta ruɓe ta bar wa ruwa ƙofa. Itatuwan inuwa a gefe ake shuka su, kan bango kuwa sai ciyawa mai kama ƙasa, irin su kirikiri da jema. Na biyu ramukan gara da ɓera. Na uku laka. Kakanninmu na kan dutse sun san wannan, shi ya sa suka riƙa jera duwatsu a gonakinsu hawa hawa domin kada ruwa ya kwashe ƙasa. Inda aka bar wannan al'ada aka kuma sare itatuwa, ƙasar gona ce ke gangarowa ta cika tafki, manomi ya yi hasara, mai iyo ma ya yi.

Darasi na uku: lissafi

Ga misalin da na ba su a allo. A ce tafki yana da tsawon mita 60, faɗin mita 40, zurfinsa kuwa in an daidaita mai zurfi da marar zurfi ya zama mita 2. Fuskar ruwan ita ce 60 sau 40, watau murabba'in mita 2,400. A ninka da zurfi, ya ba da 4,800. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ɗaukar lita 1,000, watau jarka 50 mai cin lita 20. Ashe tafkin na riƙe da jarka 240,000. Yara suka yi ta mamaki, wani ya ce wannan ruwa ba zai ƙare ba har abada.

Na ce, to, a ce da rani ruwan yana sauka santimita 5 kowane mako, saboda rana da iska da tsotsewar ƙasa. Nawa ke tafiya? Suka buga, suka sami jarka 6,000 a mako, ba tare da kowa ya ɗiba ba. Cikin mako 26 na rani ruwan ya sauka mita 1 da santimita 30. Saura nawa? Nan suka gane abin da ya sa tafki mai faɗi marar zurfi yake ƙafewa tun kafin bazara, mai zurfi kuwa yana kai wa damina. Muka kafa sanda mai zane a gefen ruwa, kowace Litinin yara biyu su je su karanta su rubuta a littafi. Ban taɓa ganin sun yi ɗokin lissafi kamar wannan ba.

Darasi na huɗu: tsargiya

Wannan shi ne ainihin abin da ya kai ni, saboda haka zan ɗan tsawaita.

Tsargiya tsutsa ce ke kawo ta. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ya fara ganinta a jikin mutum a birnin Alƙahira a 1851. A 1915 kuma, a Masar ɗin dai, wani masani daga Birtaniya mai suna Robert Leiper ya tabbatar da hanyar da take bi ta cikin dodon koɗi kafin ta kama mutum. Ga yadda abin yake.

Mai ciwon yana fitar da ƙwayayen tsutsar cikin fitsarinsa. In fitsarin ya faɗa busasshiyar ƙasa ko masai, ƙwayayen sun mutu, magana ta ƙare. In kuwa ya faɗa ruwa, sai su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga neman wani ƙaramin dodon koɗi mai zama jikin ciyawar ruwa da ganyen bado. Wanda bai samu ba cikin yini guda ya mutu. Wanda ya samu sai ya shige cikinsa ya yi ta hayayyafa har mako huɗu zuwa shida. Sa'an nan dodon koɗin ya fara sako waɗansu 'yan mitsi-mitsin halittu masu wutsiya, dubbai, waɗanda ido ba ya gani sosai. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da yaranmu ke tserewa daga aji. Ba sai an sha ruwan ba. Fata suke hudawa su shiga, cikin 'yan mintoci. Su bi jini, su girma, su zauna cikin jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, mace da namiji, suna zuba ƙwai shekaru. Ƙwan nan ne ke yaga bangon mafitsara domin ya fita, shi ne jinin da ake gani bayan wata biyu ko uku da shiga ruwa.

To, ina girma a nan? Yaron da ke zubar da jini kullum yakan rame, ya yi kasala, ya kasa riƙe karatu. In an bar ciwon ya daɗe yana iya lalata mafitsara da ƙoda, har ya kai ga ciwon daji. 'Yan mata masu wanki ma ba su tsira ba, sai dai kunya ta hana su faɗi, ciwon kuwa yana taɓa mahaifa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutane fiye da miliyan 250 ne ke bukatar maganin wannan ciwo, mafi yawansu a Afirka, Nijeriya kuma tana cikin ƙasashen da ya fi yawa. An kuma daɗe da sanin cewa tare ruwa yana ƙara shi. Bayan an gama madatsar Akosombo a Ghana a 1965, tsargiya ta yaɗu ƙwarai cikin ƙauyukan bakin tafkin Volta.

Na zana wannan kewaye a allo kamar sarƙa mai zobe huɗu: mutum, fitsari, dodon koɗi, fata. Na ce, "A ina za mu tsinke ta?" Su da kansu suka kawo amsoshi. Kada a yi fitsari ko bayan gida cikin ruwa ko bakinsa. A cire ciyawar gefe inda dodon koɗi ke maƙalewa, da manjagara mai dogon ƙota, ba da hannu ba. Ruwan wanka in an ɗebo a ajiye shi kwana biyu, gama 'yan halittun nan ba su wuce haka da rai in ba su sami mutum ba, ko kuwa a dafa shi. Sai kuma magani. Akwai ƙwaya mai suna praziquantel wadda aka samo a Jamus cikin shekarun 1970. Akan auna tsayin yaro da sanda a san adadin da zai sha, ya sha bayan ya ci abinci. Tana kashe tsutsar da ke jiki, amma ba ta hana sabuwa shiga. Wanda ya sha ya koma ruwa mai cuta, ya koma gidan jiya.

Domin kada su karaya na tuna musu da kurkunu. Iyayenmu sun sha wahalarsa, shi ma daga ruwan tafki ake ɗaukarsa, ta hanyar sha. Da tace ruwa da ƙyalle, da hana mai ciwon tsoma ƙafa cikin tafki, aka ci ƙarfinsa, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya ta rabu da shi.

Darasi na biyar: nutsewa

Ramin marmara yana da mugun hali. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ka ji babu ƙasa. Ga kuma taɓo mai riƙe ƙafa. Na koya musu dokoki kaɗan. Kada kowa ya shiga ruwa shi kaɗai. Kada a yi tsalle da ka a inda ba a san zurfinsa ba. In wani yana nutsewa, kada ƙaramin yaro ya faɗa ya kamo shi, gama mai nutsewa yakan rungume mai cetonsa su tafi tare. A yi kururuwa, a kwanta a bakin ruwa a miƙa masa gora ko dogon reshe, ko a jefa masa jarka marar komai da murfinta a rufe, an ɗaura mata igiya. Muka gwada wannan a filin makaranta har kowa ya iya.

Gaban Jauro

Da na ga abin ya fi ƙarfin aji, sai na roƙi hedimasta ya raka ni wurin Jauro. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa muka yi gaisuwa. Na ce, "Allah ya ja zamaninka, Baba, na zo da kuka ne a kan tafki." Ya saurara har na gama. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, in ka zo ne in hana mutane ruwan nan, ba zan iya ba. Shanu za su sha ina?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ba hani na zo nema ba, rabo na zo nema. Shanu su sami gefensu, masu wanki nasu, yara kuma nasu inda ba zurfi, a share ciyawa a zuba tsakuwa. A haƙa masai nesa da ruwa ta wajen gangare. A kuma buɗe mafita kafin ruwan fari." Ya yi murmushi ya ce, "Ashe ɗan da muka aika karatu bai manta hanyar rafi ba."

Ba zan ce muku an yi duka ba. An yi gayya ran Asabar aka buɗe mafita, aka sare ƙananan itatuwan da ke kan bango, aka kafa turaka a inda zurfi ya fara. Masai kuwa har na taho ana gardamar filin wa za a haƙa shi. Yaron nan an kai shi asibiti ya sha magani, babansa ma ya zo ya yi mini godiya. Amma na san muddin sarƙar nan ba ta tsinke ba, ciwon yana nan yana jira cikin ciyawa. Wannan shi ke damuna har yanzu.

Tambayoyi domin aji

1. Me ya sa ake sa yumɓu a tsakiyar madatsa?
2. Tafki mai tsawon mita 50, faɗin mita 30, zurfin mita 2, jarka nawa mai lita 20 yake riƙewa?
3. Zana hanyar da tsargiya ke bi, ka nuna wurare uku da za a iya tare ta.
4. Ƙanenka ya faɗa wuri mai zurfi, kai kuwa ba ka iya iyo sosai ba. Me za ka yi?
5. Tambayi wani tsoho a gidanku yadda ake samun ruwa da rani a zamaninsa, ka rubuta abin da ya faɗa.

'Yan'uwana, yawancinmu ƙauye za a tura mu in mun gama, kuma da wuya ka sami ƙauyen da ba shi da kududdufi ko 'yar madatsa a bayansa. Ina roƙonku, makon farko da kuka sauka, ku je ku gan shi da idonku. Ku duba mafitarsa, ku juya ganyen bado da sanda ku ga ko akwai dodon koɗi, ku kuma tambayi yaranku a asirce, ɗaya ɗaya, ko akwai mai ganin jini. Wanda ya amsa, ku kai maganarsa wurin iyayensa da ma'aikatan lafiya, kada ku bari a ce girma ne. Allah ya taimake mu a kan wannan aiki, amin.